KASUWAR NA'URORIN SA SHAIDA DA HASKEN LESA: INDA AKA FITO DA INDA AKA DOSA

Daga Wakilinmu na Sashen Ciniki da Masana'antu

LEGAS: Duk wanda ya juya bayan wayarsa ta hannu, ko ya duba jikin cokalin ƙarfe, ko kafaɗar robar ruwan sha, zai ga waɗansu ƙananan haruffa da lambobi waɗanda ba sa gogewa ko da an wanke su da sabulu. Da yawa daga cikinsu ba da tawada aka buga su ba. Wani siririn haske ne mai ƙarfin gaske, wanda ake kira lesa, ya ƙona su a jikin kayan cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Sa wa dukiya shaida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyayi yana yi wa dabbarsa lalas don a san tasa ce, mai gyaran ƙwarya kuma yana zana ta da wuƙa mai zafi. Abin da ya bambanta shi ne, a masana'antun zamani shaida ta zama sharaɗin shiga kasuwa. Kayan da ba su ɗauke da lambar da za a bi sawunsu da ita, akwai ƙasashen da doka ta hana a sayar da su. Wannan ne ya sa cinikin na'urorin da ke yin wannan aiki ya zama abin da ya kamata 'yan kasuwa da masu masana'antu na ƙasar nan su sa wa ido.

ASALIN FASAHAR

A ranar 16 ga Mayu, 1960, wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ya kunna na'urar lesa ta farko a ɗakin bincike na kamfanin Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya. Bayan shekara huɗu, a 1964, Kumar Patel, wanda haifaffen ƙasar Indiya ne, ya ƙirƙiro lesa mai amfani da iskar carbon dioxide a ɗakin bincike na Bell. Har yanzu irin wannan ce aka fi amfani da ita a kan katako da fata da takarda da gilashi da robar kwalba.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Kwamfuta ce ke riƙe da rubutun ko hoton da ake so. Waɗansu ƙananan madubai guda biyu suna juyawa da sauri suna karkata hasken zuwa inda aka umarce su, wani gilashi kuma yana tattara shi ya zama ɗigo mai ƙanƙanta kamar kaurin gashi. Inda ɗigon ya sauka, ko dai ya ɗan ƙwaƙule jikin kayan, ko ya ɗaye fentin da ke sama, ko kuma ya sauya launin wurin ba tare da ya rage komai ba. Wannan hanya ta ƙarshe ce ake bi a kan kayan tiyata, domin ba ta barin rami inda datti zai maƙale.

Babban sauyi ya zo ne da lesa mai zaren gilashi. Valentin Gapontsev, wani masani ɗan ƙasar Rasha, ya kafa kamfanin da daga baya ya zama IPG Photonics a 1990, kuma kamfanin ya yi fice wajen mayar da wannan fasaha abin sayarwa. Irin wannan na'ura ƙarama ce, ba ta cin wuta da yawa, ba ta buƙatar sauya fitila a kai a kai kamar waɗanda suka gabace ta, kuma ta fi dacewa da ƙarfe. Akwai kuma nau'i na uku mai amfani da haske na ultraviolet, wanda ba ya zafafa kaya sosai, saboda haka ake amfani da shi a kan roba mai laushi da ƙananan kayan lantarki.

ABIN DA KE TURA KASUWAR

Ƙiyasin kamfanonin da ke nazarin kasuwa ya sha bamban, amma sun haɗu a kan cewa cinikin ya kai biliyoyin dala a kowace shekara, kuma yana ƙaruwa. Dalilan ƙaruwar ne suka fi muhimmanci ga ɗan kasuwa, kuma ana iya taƙaita su zuwa uku.

Na farko shi ne doka. A 2013 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta wajabta sa wa kayan aikin asibiti lambar shaida ta musamman, kuma kayan da ake wankewa a sake amfani da su dole lambar ta kasance a jikinsu. Tarayyar Turai ta kafa irin wannan doka a 2017, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2021. Tun daga ranar 9 ga Fabrairu, 2019, kusan kowane kwalin maganin da sai da takardar likita ake sayarwa a ƙasashen Tarayyar dole ya ɗauki lambarsa shi kaɗai. Haka kuma dokar batura da Tarayyar ta zartar a 2023 ta tanadi cewa daga watan Fabrairu na 2027 kowane batirin motar lantarki zai kasance da takardar shaidarsa ta kwamfuta, wadda za a kai gare ta ta hanyar lambar QR da ke jikinsa. Ba duk waɗannan lambobi ne ake bugawa da lesa ba, amma duk inda ake son shaidar ta daɗe muddin kayan suna nan, ita aka fi zaɓa.

Dalili na biyu shi ne kayan jabu. Wani rahoto da Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Raya Ƙasashe, wato OECD, ta fitar tare da ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai ya ƙiyasta cewa cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe ya kai dala biliyan 464 a 2019, wato kashi 2.5 cikin 100 na cinikin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a 2017 cewa kimanin ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa, ko dai jabu ne ko marasa inganci. Rubutun tawada ana iya goge shi da sinadari a sauya ranar lalacewar kaya. Abin da aka ƙona a jikin kayan kuwa, sai an ɓata wurin kafin a cire shi. Masu cinikin lu'ulu'u sun daɗe da gane haka, inda ake zana lambar takardar shaida a gefen dutsen, ba a iya ganinta sai da madubin ƙara girma.

Dalili na uku shi ne bunƙasar masana'antun da suka fi buƙatar shaidar. An sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 14 a duniya a 2023, adadin kuma ya haura miliyan 17 a 2024, kamar yadda Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana. Kowace irin wannan mota tana ɗauke da ƙwayoyin batir masu yawa, kuma masu ƙera ta suna son sanin asalin kowanne, domin in an sami matsala a janye waɗanda abin ya shafa kaɗai. Har ila yau ƙungiyar GS1, mai kula da tsarin lambobin kaya na duniya, ta sa 2027 a matsayin lokacin da take son kantuna su iya karanta sababbin lambobi masu kusurwa huɗu, waɗanda ke ɗaukar bayani fiye da tsohuwar lamba mai layi-layi da aka fara karantawa a wani kanti a jihar Ohio a 1974.

MASU RIƘE DA KASUWAR

Shekaru da dama kamfanonin Jamus da Amurka da Jafan ne suka mamaye wannan ciniki. Daga cikinsu akwai Trumpf da ke Ditzingen kusa da Stuttgart, da Keyence na birnin Osaka, da Coherent da IPG na Amurka. A ɓangaren buga kwanan wata a kan kayan abinci da abin sha kuwa akwai Videojet da Markem-Imaje da Domino, waɗanda suke sayar da na'urorin tawada da na lesa gaba ɗaya.

Shigowar ƙasar Sin ce ta sauya lissafi. An kafa Han's Laser a Shenzhen a 1996, sannan Raycus a Wuhan a 2007, ga kuma JPT da Maxphotonics. Da waɗannan kamfanoni suka fara ƙera tushen hasken da kansu maimakon sayowa daga waje, sai farashin ƙananan na'urori masu ƙarfin wat 20 zuwa 50 ya faɗi warwas, har ta kai ga mai ƙaramin shago yana iya mallakar ɗaya. Yankin Asiya yanzu shi ne kan gaba wajen saye, domin can ne aka fi haɗa wayoyi da kayan lantarki, kuma ƙasar Sin kaɗai ta ƙera motoci fiye da miliyan 30 a 2023.

Tsofaffin kamfanonin sun mayar da martani ta hanyar haɗewa da kuma komawa ga aikin da ke buƙatar ƙwarewa mai zurfi. Kamfanin Brother na Jafan ya sayi Domino a 2015, Coherent ya sayi Rofin-Sinar a 2016, sannan II-VI ya sayi Coherent a 2022 ya kuma ɗauki sunansa. Masu lura da al'amura na ganin kasuwar ta rabu gida biyu. A ƙasa ana gasa a kan araha, riba kuma tana ta raguwa. A sama ana gasa a kan sauri da daidaito da manhajar da ke haɗa na'urar da sauran injinan masana'anta, kuma a nan ne riba ta fi tsoka.

ABUBUWAN DA KE IYA KAWO CIKAS

Duk da haka akwai abubuwan da ke iya rage gudun kasuwar. Na'urar sa shaida kayan jari ce, kuma duk lokacin da ruwan bashin banki ya hau ko ciniki ya ja baya, masu masana'antu sukan ɗage sayenta. Siyasar duniya ma tana da hannu. Amurka ta ƙaƙaba wa kayayyakin Sin ƙarin haraji tun daga 2018. Ita kuma Sin ta fara taƙaita fitar da ma'adinan gallium da germanium a watan Agusta na 2023, sannan a watan Afrilu na 2025 ta ƙara da waɗansu ma'adinai da suka haɗa da yttrium, kuma dukkansu suna shiga cikin ƙera kayan lesa. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya sa IPG ya sayar da masana'antunsa na Rasha a 2024.

Bugu da ƙari, tawada ba ta mutu ba. Na'urarta ta fi araha a ranar saye, tana iya buga launi, kuma akwai kayan da lesa ba ta kama su da kyau sai an ƙara musu sinadari, kamar siririyar leda mai haske. Saboda haka ba a sa ran mai sana'ar ruwan leda zai yi gaggawar sauyawa.

INA MUKA TSAYA?

Masana'antun ƙasar nan, daga Ikeja da Ota da Agbara zuwa Nnewi da Aba, har zuwa Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, daga waje suke sayo waɗannan na'urori. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa fiye da Naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya ƙara tsadar na'urar lesa, amma ya ƙara tsadar tawada da sinadarin tsarma ta, waɗanda su ma daga waje ake kawo su, kuma kowane wata sai an saya. Ke nan lissafin da ya kamata mai masana'anta ya yi shi ne na abin da zai kashe cikin shekara biyar, ba na ranar saye kaɗai ba.

A ɓangaren doka, hukumar NAFDAC ta daɗe tana wajabta rubuta lambar rukunin kaya da ranar sarrafawa da ranar lalacewa. A 2010 ta ɓullo da tsarin kankare kati a aika da saƙon waya don tantance magani, kuma ta fara aiwatar da tsarin bin sawun magunguna bisa ƙa'idojin GS1. Wanda kuma ke son fitar da kaya zuwa Turai, ko ya ci moriyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka wadda aka ƙaddamar da ciniki a ƙarƙashinta a watan Janairu na 2021, zai tarar masu saye suna tambayar yadda za a gane kayansa daga na wani.

Ga mai niyyar saye, akwai abubuwa huɗu da ya kamata ya tabbatar. Ya kai samfurin kayansa a gwada a gabansa, domin na'urar da ta dace da ƙarfe ba lalle ta dace da fata ba. Ya tambayi wanda zai gyara ta a cikin gida da kuma inda za a sami kayan gyara, domin araha ba ta ado. Ya tanadi na'urar daidaita wuta, saboda hawa da saukar lantarki na lalata ta. Sannan ya kula da lafiyar ma'aikata, domin hasken lesa mai zaren gilashi ba a ganinsa da ido amma yana iya makantarwa, kuma ƙona robar PVC yana fitar da hayaƙi mai guba.

Akwai kuma wata kafa ga masu ƙaramin jari. Ba kowane maƙeri ko baduku ko mai haɗa kayan gyaran mota ne zai iya sayen na'urar ba, amma da yawansu za su biya a sa musu tambari da lamba a kan kayansu. Wanda ya kafa shago ɗaya a tsakiyar irin waɗannan masu sana'a zai iya yi wa mutane da dama aiki da na'ura guda. Dokokin 2027 suna tafe, kuma masu kayan da suka shirya tun yanzu su ne za su fara samun kwangila.