Sarkin Samari a Kurmi: Masu Riƙe da Akalar Rawar Matasa

Kowa ya san fuskar da ke gaban takardar naira biyar, ta Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ce. Kaɗan ne suka taɓa juya bayanta su duba da kyau. Waɗanda ke can masu wasan Nkpokiti ne, ƙungiyar samari ta garin Umunze a Jihar Anambara, wadda Cif Festus Okoli ya jagoranta har sunanta ya tsallaka ƙasashen waje. A ƙasar da rawar samari ta kai ga hawa kan kuɗi, a nan Hausawan Inugu da Anacha da Fatakwal suke zaune. Zaman kuwa ba na jiya ba ne, domin Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko tun a shekarun 1950.

Duk inda Bahaushe ya yada zango, kiɗa na biye da shi, musamman inda akwai mahauta, tunda kalangu nasu ne. A wajen Gariki ta Inugu, ko bakin gadar Anacha, ko Diobu ta Fatakwal, ranar biki ko ranar Sallah sai ka ji kamar kana Fagge. Ido yakan tafi ga mai juyi a tsakar fili. Wanda ya sa filin ya samu kuwa yana can gefe da waya a kunne, ko taka rawa sau ɗaya bai samu ya yi ba.

Wannan muƙami na Sarkin Samari tsoho ne. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, an nuna yadda yaran ƙasar Zazzau ke naɗa Sarkin Samari, 'yan mata kuma su naɗa tasu shugabar. A wasan kalankuwa na bayan girbi, samari kan kwaikwayi mulki sukutum, da Galadima da Alƙali, har da Gwamna da Di'o bayan zuwan Turawa. Wasa ne, amma Alƙalin yakan ci tara, kuma a biya. A Nijar ma da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, wannan tsari ya farfaɗo da shi da sunan Samariya, ya mai da sarakunan samari ginshiƙin aikin gayya da gasar raye-raye.

Sai dai sarautar samari a gida daban, a kurmi daban. A ƙauyen Katsina dandali na kowa ne, farin wata ya fito a fita. A Anacha fili na da mai shi. Kafin a girke ganga sai shugaba ya je gaishe da Sarkin Hausawa ya nemi izini, ya ji ta bakin limami kada wasa ya ci lokacin salla, ya lallashi mai gidan haya da maƙwabta waɗanda ba su san abin da kiɗan ke cewa ba. Shi zai yi hayar rumfa da kujeru da janareto. A watan Agusta na 2021, da 'yan IPOB masu fafutukar Biyafara suka kafa dokar zaman gida ta kowace Litinin, mai hankali ya koyi kauce wa ranar Litinin a Inugu da Anacha. Kuma in yaro ɗaya ya taka ƙafar ɗan gari rigima ta tashi, ba za a ce wane ne ya yi ba, cewa za a yi Hausawa ne. Saboda haka wanda ya fi kowa iya rawa ba lalle ya dace da kujerar ba. Mai haƙuri ake nema, wanda ya iya Burokan ko Ibo, wanda dattawa suka san ubangidansa a kasuwa.

Mutanen da shugaban yake ja ma ba zaunannu ba ne. Da yawansu 'yan ci-rani ne: mai facin takalmi, ɗan dako, mai tura ruwa, yaron mai tsire. Sai an tashi daga nema ake gwaji, da gajiya a jiki. Damina na faɗuwa a Arewa, rabin ƙungiya ta hau mota ta tafi gona.

Sai batun kuɗi, inda ƙungiyoyi suka fi mutuwa. Liƙi na zuba, yaro na bi yana tsincewa cikin faranti ko hula, ma'aji na tsaye a kansa ba ya ko ƙyaftawa. Bayan an watse a zauna a ƙirga a gaban kowa: kason makaɗa, na maroƙi, na 'yan rawa, sannan abin da za a ajiye don ɗinkin anko ko kuɗin motar wanda aka yi wa rasuwa a gida. Ranar da aka ƙirga a bayan idon mutane, daga ranar zargi ya shigo. Ga kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 da ta hana watsa naira da tattaka ta, wadda hukumar EFCC ta tsananta kai a 2024 har aka ɗaure wasu. Shugaba mai lura yanzu faranti yake girkewa, mai kyauta ya saka da hannunsa.

Akwai ƙananan abubuwan da sai na ciki ya sani. Laimar Fatakwal takan sa fatar ganga ta saki, muryarta ta mutu, don haka kafin wasa za ka ga makaɗi tsugune kusa da garwashin mai tsire yana ɗan gasa ta, yana ƙwanƙwasawa da yatsa har ta dawo daidai. In makaɗin ya yi fushi ya koma Arewa, dole a koma ga mai lasifika da waƙoƙin fim. Ba laifi ba ne, amma lasifika ba ta san kirarin kowa ba, ba ta kuma kiran sunan uban ango ya miƙe ya yi kyauta.

Rawar Koroso ta Kano ta yi suna ne saboda hukumar al'adu ta jihar ta ɗauke ta ta rene ta. Sarkin samarin kurmi ba shi da hukuma a bayansa, sai bakinsa da aljihunsa. Ya kamata sarakunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal su riƙa ba shi kujera a majalisarsu tun kafin rigima ta tashi, ba sai an kira su ofishin 'yan sanda belin yara ba.