Ranar da Rahima Gambo ta daina tambaya

A shekarar 2013 'yan Boko Haram suka kai hari makarantar sakandare ta Shehu Sanda Kyarimi da ke Maiduguri. Shekara na zagayowa aka sace 'yan mata 276 a Chibok, hankalin duniya ya koma kan Barno. Tun daga nan duk ɗan jaridar da ya sauka, tambayarsa ga ɗaliba ba ta wuce uku: ina kike ranar, me kika gani, wa aka kashe?

Rahima Gambo ma da irin tambayoyin nan ta iso a 2015. A Landan aka haife ta a 1986, ta karanta aikin jarida a Jami'ar Columbia ta Amurka. Aikinta na farko a kan makarantun yankin, Education is Forbidden, ya haɗa hotuna da rubutu da zane-zanen da ke cikin littattafan karatu.

Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Yarinyar da aka sa ta maimaita labarin baƙin ciki har ya zame mata kamar hadda, me ya rage nata a hoton? Duniya ta san ta a matsayin wadda aka zalunta, shi ke nan.

Da Rahima ta koma makarantar Shehu Sanda Kyarimi a 2017, sai ta ajiye tambayoyin. Ta tara ɗalibai mata suka shiga wasa, irin wasan tafi da waƙa da ake yi a dandali daga Barno har Gumel. Suka kunna kyandir a aji, suka fita cikin itatuwa da kayan makarantarsu. Su ke shirya abin da za a ɗauka, ita tana riƙe da kyamara. Wannan aiki ta kira shi Tatsuniya, daga baya ya zama har da bidiyo.

Wani zai ce ina siyasa a wasan yara? A ganina tana nan ƙwarai. Masu bindiga sun so a watse daga ajin, masu neman labari kuma gawa da hawaye kawai suke so a cikinsa. Hotunan nan sun hana kowannensu abin da ya zo nema.

Daga baya ma Rahima ta yi nisa da aikin jarida. A jerin ayyukanta mai suna A Walk, tafiyar ƙasa take yi, tana tsintar ganye da tarkacen hanya, ta haɗa su da yagaggun hotuna da zane a jikin bango.