Shirin Musamman: Yis da Tashin Ƙullin Waina

Yis ƙwayar halitta ce mai rai, wadda ido ba ya iya ganin guda ɗayanta sai da madubin ƙara girma. Nau'in da ake sayarwa a kantuna, masana suna kiransa Saccharomyces cerevisiae, kuma da shi ake tayar da burodi, waina, sinasir, funkaso da fanke. A shekarar 1857 ne masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa ƙwayoyi masu rai ne ke sa kayan abinci su yi tsami. Busasshen yis na leda kuwa, wanda ake zubawa kai tsaye a cikin ƙulli, kamfanin Lesaffre na Faransa ne ya fito da shi a 1973. Kafin ya yaɗu, masu waina a ƙasar Kano kan rage tsohon ƙulli su zuba a sabo, kuma har yau akwai masu yin haka.

Yis yana cin sukarin da ke cikin ƙulli, ya fitar da iska. Iskar ce ke maƙalewa ta kumbura ƙullin, waina ta fito da laushi da ƙananan ƙofofi. Saboda haka matakin farko shi ne tabbatar da cewa yis ɗin yana da rai. Ana jiƙa kaɗan a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Idan bai yi kumfa cikin minti 10 ba, ya mutu. Ledar da aka buɗe tana buƙatar a ɗaure bakinta sosai, a ajiye ta inda babu zafi ko laima.

Wajen haɗi, ana jiƙa shinkafar tuwo, a haɗa ta da ɗan dafaffiyar shinkafa, a markaɗa. Cokalin shayi 1 na yis kan ishi kofi 3 na shinkafa. Dole dafaffiyar shinkafar ta huce tukuna, domin zafin da ya kai digiri 60 yana kashe yis. Gishiri yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake jinkirta shi sai an zo suya.

Abin da ya fi kome tasiri shi ne yanayi. Yis ya fi jin daɗin ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 35. A Indabo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu kan kai digiri 40, ƙulli ya tashi cikin 'yan awoyi. Idan aka bar shi ya kwana a irin wannan zafi, ƙwayoyin da ke sa nono tsami sukan yi rinjaye, ƙullin ya zube, waina ta yi tsami ta shanye mai. Maganinsa a rage yis, ko a haɗa da asuba. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, sai yis ya yi nawa. A nan ana kwaɓawa da ruwa mai ɗumi, a rufe robar ƙullin da bargo, a ajiye ta kusa da murhu. Ƙara yis fiye da kima domin gaggawa, warinsa kawai yake bari a waina.

Ƙullin da ya tashi yana kusan ninka girmansa, samansa ya cika da kumfa. Idan tsami ya ɗan wuce, ruwan kanwa kaɗan yana kashe shi, amma idan ruwan kanwar ya yi yawa sai waina ta sauya launi da ɗanɗano. Daga nan a juya ƙullin a hankali, a bari tanda ta yi zafi kafin a zuba.

Mai son waina mai kyau ta gwada yis ɗinta tun da farko, sannan ta daidaita lokacin tashi da yanayin da ake ciki.