Miyar Kifi da Addu'ar Iyali a Gidajen Kiristocin Zuru

Da an ambaci kifi a Jihar Kebbi, hankalin mutane sai ya tafi Argungu, wurin masu gora da homa. To, a bar Argungu inda take. Zuru tana can kudu maso gabashin jihar, ƙasa ce ta duwatsu da gonakin dawa, kuma mutanenta, Dakarkari da Fakawa da Dukawa da Kambari da sauransu, da garma aka san su, ba da taru ba. Kifi da yawa da ke shiga tukunyar matan Zuru ta wajen Yauri yake fitowa, daga bakin Kwara da tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Akwai kuma kifin ƙanƙara na kasuwa, amma wannan ba shi da wani labari.

Labarin yana ga banda. Ɗanyen kifi ba ya jure zafin ƙasarmu, kafin yamma ya fara wari. Shi ya sa matan masunta suke lanƙwasa tarwaɗa, su soke wutsiyarta a kai, su jera bisa wuta mai hayaƙi har ruwan jikinta ya tsane. Irin wannan kifi yakan yi makonni a ɗaki, in dai ana shanya shi lokaci-lokaci saboda ƙwari. Matar manomi da ta dawo gona da la'asar ba ta da lokacin jiran nama ya yi laushi. Sai ta jiƙa bandar a ruwan zafi da gishiri, ta wanke yashi da toka, ta ɓare, ta tsince ƙaya saboda yara. Kan kuwa ba a yar da shi. Duk wadda ta yar da kan tarwaɗa ta yar da rabin daɗin miyarta. A zuba a tukunya da daddawa da albasa da attaruhu da ɗan manja, a bari su dahu tare, sai daga ƙarshe a kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa da maburgi. Tuwon dawa, kowa ya san yadda ake tuƙa shi.

In ɗanyen kifi aka samu, dokar ɗaya ce: bayan an cire yauƙinsa da ruwan zafi ko lemun tsami, aka sa shi a romo mai citta da kanumfari da masoro, kada ludayi ya sake shiga. Tukunyar ake ɗagawa a girgiza a hankali. Masu juyawa su ne suke kawo wa mutane faten kifi su ce farfesu ne.

Me ya haɗa wannan da addu'a? Lokaci ne ya fara haɗa su. Addinin Kirista ya kafu a ƙasar Zuru tun shekarun 1920, ta hannun mishan ɗin da daga baya ya zama ikkilisiyar UMCA. Akwai kuma ikkilisiyar ECWA, da Katolika da ke ƙarƙashin bishop ɗin Kontagora. Duk sun koyar da cewa ibada ba ta ranar Lahadi kaɗai ba ce, a yi ta a gida safe da yamma. Ta safe gajeriya ce, musamman da damina, domin gona ba ta jira. Ta yamma ita ce mai armashi, kuma ba a samun mutanen gida a haɗe sai wajen tuwo. Maigida ko uwargida ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi, a ba wani yaro ɗan makaranta ya karanta 'yan ayoyi daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, a yi ɗan bayani, sannan a roƙi Allah domin mara lafiya, da gona, da ɗan da ke bakin daga. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta cika barikoki da 'ya'yanta, har ɗanta Ishaya Bamaiyi ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. A wasu gidajen karatun da Hausa ake yi, roƙon kuma da harshen gida, domin tsofaffi sun fi sakewa a cikinsa. Gidajen Katolika sukan ƙara da jan rosari, musamman a watan Mayu da Oktoba.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce: kafin ci za a yi ko bayan ci? In aka bari sai an ƙoshi, rabin yaran sun yi barci kafin a kai baiti na biyu. In aka yi kafin ci kuma aka ba Kaka addu'a, sai ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya har na Legas, miya tana sandarewa a kwano, wani ƙaramin yana cusa "Amin" tun ba a kai rabi ba. Matan da suka san aikinsu sun warware wannan tuntuni. Suna ɗora miyar banda a kan garwashi, su ce, "Baba, a fara waƙa," domin banda ba ta lalacewa don ta ƙara minti ashirin a wuta mara ƙarfi, sai ma ta ƙara sakin ɗanɗano. Kukar ce kawai ake ajiyewa sai an shafa.

Akwai wata magana da ta gundure ni, wai Kirista duk kifi suke ci ranar Juma'a. Ba haka ba ne. Ƙaurace wa nama ranar Juma'a dokar Katolika ce, don tunawa da ranar da aka gicciye Yesu, kuma tun 1966, zamanin Paparoma Bulus na Shida, aka ba bishop-bishop na kowace ƙasa damar sassauta ta. Inda ta fi ƙarfi yanzu shi ne Larabar Toka da Juma'o'in azumin kwana arba'in kafin Ista. Dokar ma ba ta ce a ci kifi ba, cewa ta yi a bar nama. Wanda ya ci wake ya cika ta. Mutumin UMCA ko ECWA ba ruwansa da wannan. In ya ci kifi ranar Juma'a, kifin ne ya samu.

Darajar kifi a Zuru daga wani wuri ta fito, kuma wannan ne masu rubutu kan tsallake. A nan ba abin mamaki ba ne ka tarar da gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kawunsu kuma yana nan kan al'adar kakanni, duk kuma su haɗu a bikin gargajiya na Uhola. A irin wannan zumunci nama yana zuwa da tambaya: wa ya yanka? Shi ya sa Kiristoci da yawa, in Kirsimeti ya zo, suke kiran maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya ko kaza, domin kwanon da za a aika kada ya dawo. Kifi ba ya buƙatar wannan. A mazhabar Malikiyya da Musulmin ƙasar nan suke bi, abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne ba tare da yanka ba. Saboda haka mace Kirista za ta iya zuba wa surukarta Hajiya miyar kifi a kowace rana ta Allah, babu mai tambaya, babu mai jin nauyi.

Ko a wajen zaman cin ma akan san yadda ake yi. In baƙo Musulmi ya zo daidai lokacin addu'a, wasu gidajen sukan taƙaita ta zuwa godiya kan abinci, a bar waƙa da karatu sai ya tafi. Wasu kuma su shimfiɗa masa tabarma a zaure da buta, ya yi magaribarsa, su kuma su yi tasu a tsakar gida, sannan a kawo tuwo. 'Yan Zumuntar Mata ta coci ma, in za su gaida mai jego ko mara lafiya a gidan da addini ya gauraya, farfesun kifi ya fi musu sauƙin ɗauka a kan na kaza, ko da kuwa kifin ya fi tsada a kasuwar ranar.