Gubar da ke gangarowa gulbin Rima

Da ruwan sama ya ɗauke, gulabe sukan fara janyewa a ƙasar Gobir, su bar gurabun ruwa nan da can cikin rairayi. A lokacin ne fadamun Sabon Birni da Isa ke cika da albasa da tattasai da shinkafar rani, a lokacin ne kuma tarwaɗa da karfasa ke taruwa cikin ɗan ruwan da ya rage. Manomi ya gama feshi, ya gangara ya ɗauraye famfonsa a bakin gurbi. Can gaba kaɗan yara na wanka, shanu na sha, masunci na jan koma.

Ruwan nan ba na gari ɗaya ba ne. Gulaben Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga Katsina da Zamfara, gulbin Maradi ya ratsa Nijar ya dawo, dukkansu su zuba cikin Rima, wanda ke cika madatsar Goronyo da ke shayar da birnin Sakkwato. Duk abin da aka zuba a sama, na ƙasa ne zai sha.

Mafi muni shi ne su da guba. Tun da can masunta sun san magimfa, ganyen da ake dakawa a watsa cikin ruwa ya sumar da kifi, amma ƙarfinsa yakan gushe cikin ƴan kwanaki. Maganin ƙwari na Gamalin 20, wanda wasu ke su da shi, ba haka yake ba. Yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, sannan sinadarinsa, wato lindane, ya kwanta cikin laka ya daɗe. Ƙwari da ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, gubar tana ta taruwa cikin kitse. Banda ba ta fitar da ita, suya ma haka, kuma takan kai har nonon uwa mai shayarwa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba a Najeriya, a 2009 kuma yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa lindane cikin jerin abubuwan da za a kawar. Sai dai doka tana takarda, kasuwannin kan iyaka kuwa a buɗe suke, ga matsalar ƴan bindiga da ta hana malaman gona zagaya ƙauyuka.

To yaya ake tsabtace gulbi? A watan Nuwamba 1986 gobara ta tashi a rumbun kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel, ruwan kashe wutar ya kwashi magungunan ƙwari zuwa kogin Rhine, kifi ya mutu birjik. Aka zuƙe gurɓatacciyar laka, ƙasashen da kogin ya ratsa suka tsaurara doka, har kifin salmon ya dawo. Gobir ba ta da irin wannan kuɗi, amma babban aikin, wato tare gubar tun daga tushe, bai fi ƙarfinta ba.

Ana wanke famfon feshi a cikin gona, nesa da gaɓa. Ana ɗauraye galan ɗin maganin sau uku, a juye ruwan cikin famfo, a huda gindinsa don kada gobe a same shi a hannun yarinya tana ɗebo ruwan sha. Idan aka bar jema ta yi kauri tsakanin gona da gulbi, saiwarta tana riƙe ƙasar da ke ɗauke da magani. Mai dafa kifi kuma ta cire kayan ciki da kitse da fata, ta guji wanda aka tsinto yana yawo a mace.

Wanda ya fi kowa iya hana zuba Gamalin shi ne Sarkin Ruwa, domin ya san kowane gurbi da masu shigarsa, kuma shi ke rufe ruwa ya buɗe ranar su. Abin da ya kamata a ƙara masa shi ne goyon bayan hakimai da ƙananan hukumomin biyu, da masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da za su riƙa gwada laka da kifi duk rani, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa ta gidan rediyo.