Bayanan Abokin Ciniki a Hannun Ɗan Kasuwa: Abin da Doka ta Tanada

Tun daga ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, cinikin da ake yi a Abuja, a babbar kasuwar Wuse da shagunan waya na Banex, da ma rumfunan 'yan canji na Zone 4, ya koma kan wayar hannu, ta yadda da wuya a ga mai shagon da bai liƙa lambar asusunsa a bango ba, ko kuma bai ajiye na'urar POS a gefen teburinsa ba. Sai dai sauƙin da wannan sauyi ya kawo ya zo da wani nauyi da yawancin 'yan kasuwa ba su lura da shi ba, domin duk cinikin da aka yi ta waya yakan bar suna da lambar waya da lambar asusun mai saye a hannun mai sayarwa, kuma waɗannan abubuwa su ne doka take kira bayanan mutum, wato duk wani bayani da za a iya gane wani da shi.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya, amma sai a watan Yunin 2023 ne aka samu cikakkiyar doka a kan lamarin, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC domin sa ido da hukunta masu keta ta. Jigon dokar shi ne ba a karɓar bayanin mutum sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta amince da su, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne yardar mai bayanin, kuma bayanin da aka karɓa domin wata buƙata ba a karkatar da shi zuwa wata. Mai bayanin yana da haƙƙin janye yardarsa, ko ya nemi a gyara abin da aka rubuta game da shi ba daidai ba, ko a goge shi, sannan idan bayanan suka faɗa hannun ɓata-gari ta yadda masu su za su iya cutuwa, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar da dokar ta tanada wa ƙananan masu riƙe da bayanai takan kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, yayin da ta manya takan kai miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Babu inda muhimmancin wannan kariya ya fito fili kamar a harkar manhajojin bayar da rance, wato kamfanonin da suke ba da bashi cikin 'yan mintuna ta waya ba tare da jingina ba. Gaskiyar lamarin ita ce akwai jingina, sai dai ba fili ba ne ko mota: mutuncin mai karɓar bashin ne. A lokacin da yake saukar da manhajar, mai neman rancen yakan danna amincewa ba tare da karantawa ba, da haka ya buɗe wa kamfanin jerin lambobin da ke wayarsa da hotunansa, kuma da zarar ya yi jinkirin biya sai a fara aika wa surukansa da maƙwabtansa da abokan kasuwancinsa saƙonnin cewa shi ɓarawo ne ko ɗan damfara, har a wasu lokuta a baza sanarwar rasuwarsa alhali yana raye. Ga ɗan kasuwar da jarinsa na farko shi ne yardar da masu ba shi kaya bashi suke yi masa, irin wannan tonon silili ya fi ruwan da aka ɗora wa kuɗin illa. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan ɗabi'a, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Legas, sannan ta wajabta musu yin rajista. Shi ma kamfanin Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan waya tun daga ƙarshen Mayun 2023, ko da yake masu son zuciya sun koma rarraba manhajojinsu ta saƙonnin WhatsApp, inda babu mai tantance su.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, domin a watan Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, hukuncin da kotun sauraron ƙorafe-ƙorafen gasa da masu saye ta tabbatar a Afrilun 2025.

Abin da ya fi buƙatar a ja hankali a kansa shi ne ƙaramin ɗan kasuwa ba wanda ake zalunta kaɗai ba ne, shi ma yana iya zama mai laifi ba tare da ya ankara ba. Mai gyaran waya da ya buɗe hotunan matar da ta kawo masa gyara ya kwafa, da mai POS da yake ɗaukar hoton katin cirar kuɗi ko ya rubuta lambar BVN da ta NIN a littafin da kowa ke iya buɗewa, da mai sayar da atamfa ta Instagram da ta wallafa hoto da lambar wadda take bi bashi domin ta kunyata ta, dukkansu sun shiga hurumin da doka ta yi magana a kai, kuma tun kafin dokar, addini da al'ada sun ɗauki hakan a matsayin cin amana da tona asiri. Bin bashi haƙƙi ne, amma hanyarsa ita ce sulhu ta hannun shugabannin kasuwa ko kuma kotu. Hana irin wannan cin amana ma na daga cikin dalilan da suka sa a 2024 aka umarci masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin a san wanda za a tuhuma idan kuɗi ko bayanai suka salwanta.

Raunin da ya rage yana wajen aiwatarwa, domin hukumomin sun fi mayar da hankali kan bankuna da manyan kamfanoni, kuma asalin dokokin da Turanci aka rubuta su, alhali da yawa daga cikin masu hada-hada a Wuse da Hausa suke ciniki. Wanda manhajojin rance suka ci wa mutunci yana da damar kai ƙorafi ga NDPC ko FCCPC, waɗanda dukkansu suke da hedikwata a Abuja, kuma ƙorafin yakan fi ƙarfi idan ya adana hotunan saƙonnin da aka aika, da lambobin da suka aiko su, da sunan manhajar, da shaidar kuɗin da ya karɓa da wanda ya riga ya biya.