Daga Gindin Zuma Zuwa Ruwan Zafi: Yini Guda a Hanyar Burji

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Shirinmu na musamman na yau na masu son fita ne, waɗanda ƙura ba ta ba su tsoro, gargadar hanya kuma ba ta sa su yin da-na-sani. Za mu tashi daga nan Suleja da sassafe, mu dawo kafin magariba in Allah Ya yarda. A hanya za mu amsa tambayar nan da yara ke yi duk sa'ad da mota ta biyo ta Madalla: "Baba, wai da gaske ne akwai wuta a cikin Dutsen Zuma?"

Sai dai kafin a tayar da mota, a duba ta. Tafiyar da za mu yi ba duka ce a kan kwalta ba, saboda haka motar da ta fi dacewa ita ce mai tsayin ciki, wadda ƙafafunta huɗu ke ja, irin Hilux ɗin nan. A tabbata akwai tayar ajiya mai iska, da jak, da igiyar ja, da jarkar ruwa domin lagireto, da kuma ta sha. A biya wajen mai faci ya gwada iskar tayoyi. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan, shi ne ɗan jagora, ɗan yankin da ya san hanya, ya san dagaci, ya kuma san rafin da ake ketarewa da wanda ake jira ya janye. Da ɗan gari kan ci gari.

(Ƙarar tashin mota)

Garin da muke bari a baya shi ne Abuja ta asali. Bayan jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. Ya rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa wannan gari a 1828 a bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuchi. Ba don sha'awar kallo suka zaɓi nan ba. Doki ba ya sukuwa a tsakanin duwatsu, shi ya sa masarautar ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa a 1902. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan Abuja, garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin wancan lokaci, Sulaimanu Barau. Duk ɗan jagorar da ya san aikinsa zai fara biyawa da kai Mayanka, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a gefen gari, ya gaya maka cewa a tarihin baka nan ne ake zartar da hukuncin kisa a zamanin da. Ba za mu daɗe a nan ba, rana tana ɗagawa.

Ga mu a gindin Zuma. Wanda ya saba ganinsa ta tagar mota a kan titin Abuja zuwa Kaduna bai san girmansa ba sai ya sauka daga kwalta, ya bi ƴar hanyar da ke ratsa gonaki, ya tsaya ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Ƙololuwarsa ta kai mita 725 daga saman teku, ya kuma ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da wajen mita 300. Shi ne a bayan takardar naira 100 da aka fitar a 1999. Ga fuskar nan da kowa ke nunawa, ido biyu da hanci da baki, ga baƙaƙen layuka da ruwan damina ya zana daga sama har ƙasa. Gbagyi da Koro sun daɗe suna zaune kewaye da shi, sun fake a jikinsa lokutan yaƙi, sun kuma girmama shi ƙwarai. A cikin labaran da aka gada akwai na cewa a kan hango wuta a samansa da damina.

To, jama'a, Zuma ba dutse mai aman wuta ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Ba sai ka yarda da ni ba, durƙusa ka ɗauki ɓaraguzan dutsen da ke gabanka. Juya shi a hasken rana. Za ka ga ƙwayoyi manya-manya da ido ke iya rarrabewa, wasu farare, wasu baƙaƙe, wasu na ƙyalli, sun manne wa juna tam, babu ko huda ɗaya. Wannan alama ce ta narkakken dutsen da ya huce sannu a hankali a can cikin ƙasa, bai taɓa fitowa fili yana tafasa ba. Tsawon lokacin da ya ɗauka yana hucewa shi ya ba ƙwayoyin damar girma. Daga baya ruwa da iska suka yi miliyoyin shekaru suna zaizaye ƙasa mai laushi da ta rufe shi, har ya bayyana shi kaɗai a tsaye. Dutsen da aka yi amansa kuwa daban yake. Baƙi ne, ƙwayoyinsa ba sa ganuwa, sau da yawa kuma za ka same shi da ƴan huji-huji kamar cikin waina, saboda iskar da ta fice daga jikinsa lokacin da yake daskarewa da gaggawa. Sa wannan ɓaraguzan a aljihu, za mu neme shi an jima.

Akwai masu hawa Zuma har ƙoli. Ba aikin rabin yini ba ne, ba a yi da silifa, ba a yi ba jagora, da damina kuwa ba a ma fara ba, domin jikinsa santsi yake yi.

(Kiɗan tsakiya)

Daga nan sai mu juya, mu nufi hanyar Minna ta Maje da mahadar Dikko. Direba, a nan a yi haƙuri, a bi sannu. Ma'ajiyar mai ta Maje ta sa tankoki sun yi yawa a wannan hanya, kuma har yanzu zukata ba su huce ba daga gobarar tankar mai da ta auku a mahadar Dikko a watan Janairun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 80. Allah Ya jiƙansu. Da an wuce nan ƙasa sai ta buɗe: kunyoyin doya jere reras, rumbuna, da matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa maimakon ka. Yumɓun wannan yanki ne ya yi wa Ladi Kwali suna a duniya, ita da ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garinmu, a 1954, hotonta kuma yana bayan naira 20. A Lambata hanya ta rabu, ɗaya ta yi Lapai da Bida, ɗaya ta miƙe Minna. A wannan yanki, wajen ƙauyen Bonu, ake saki babban titi a gangara Gurara.

Idan ɗan jagora ya ce a bi ta hanyoyin gona domin a ga bakin kogi ta wani gefe, to nan ne ake gane direba. A yashi a rage iskar taya kaɗan, a sa giya ta biyu, kada a tsaya a tsakiya. A taɓo kada a danna burki da ƙarfi, kada kuma a yi ta ba ta wuta in ta kafe, ƙara nutsewa za ta yi. In an zo rafi, mutum ɗaya ya sauka da sanda ya fara takawa. Ruwan da ya kai gwiwa kuma yana gudu ba a gwada shi da mota, komai tsadarta.

(Ƙarar ruwa mai zubowa)

Kafin ka ga Gurara kunnenka ya riga ya ji ta. Tsayin inda ruwan ke zubowa ya kai mita 30, faɗinsa kuma wajen mita 200. Da damina, ruwan ja ne, ya cika bakin nan duka, feshinsa na jiƙa ka tun kana nesa, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Daga Janairu zuwa Maris kuwa sai ya rarrabu gida-gida, ya yi garau, duwatsu su fito, yashi ya bayyana a ƙasa inda iyali za su shimfiɗa tabarma. Gbagyin yankin suna danganta sunan da Gura da Rara, abubuwan bautar kakanninsu. Kogin ya taso ne daga wajen Jihar Kaduna ya je ya faɗa Kwara, kuma a can sama an yi masa madatsa wadda ake tura ruwanta ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma. Wato wani ɓangare na ruwan da mutanen birnin tarayya ke sha, ruwan Gurara ne. Iyaye mata, a riƙe hannun yara. Duwatsun nan suna da gansakuka, kuma wurin ya ci masu iyo da masu neman hoto a bakin gaɓa. In ɗan jagora ya ce iyakarka nan, to iyakarka nan.

Sa hannu a ruwan. Sanyi ƙarara. Babu ɗigon ɗumi a cikinsa. To ina ne ainihin duwatsu masu aman wuta, ina kuma ake samun ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa?

Mu zauna a inuwa, a buɗe kular abinci, in ba ku labari. Mafi kusa da mu su ne na tsaunukan Jos. Ka bi ta Keffi da Akwanga, ka haye Hawan Kibo, sai ka ji iska ta canza, domin ka hau ƙasar da tsayinta ya kai wajen mita 1,280. A ƙaramar hukumar Mangu, daga Panyam zuwa Kerang, tuddai ne a jere masu siffar mazurari a kife, kowanne tsohon bakin wuta ne da ya mutu. Ɗaya daga cikinsu, Pidong, a Ampang, ruwa ya cika bakinsa ya zama tafki. A Kerang ake ɗibar ruwan kwalbar nan na Swan. Ƙasar da ta samu daga ruɓewar irin wannan dutse tana da albarka, ga kuma sanyi, shi ya sa dankalin Turawan da muke saye a kasuwar Suleja yawancinsa daga can yake. Ranar da ka je, fito da ɓaraguzan Zuma daga aljihu, ka haɗa da na Kerang a tafin hannu ɗaya. Gani ya kori ji. Can gabas, a Biu ta Jihar Borno, akwai irinsu da yawa, da tafkin Tila wanda shi ma bakin wuta ne. Waɗannan duka sun daɗe da yin shiru. A maƙwabciyarmu Kamaru ne abin bai kwanta ba: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya saki iskar da ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dabbobinsu.

Ruwan zafi kuwa labarinsa daban. Mutane da dama sun ɗauka duk inda ruwa ya fito da ɗumi, wuta ce ke ci a ƙarƙashinsa. Ba lallai ba ne. Ƙasa da kanta tana ƙara zafi in ana nutsawa cikinta, wajen digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Ruwan sama kan bi tsagar duwatsu ya gangara can ƙasa, ya ɗumama, sannan ya sami wata tsaga ya taso da sauri tun bai huce ba. Kwarin Binuwai cike yake da irin waɗannan tsagogi, tun lokacin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce. Shi ya sa maɓuɓɓugan suka taru a can. Akwai Akiri a ƙaramar hukumar Awe ta Jihar Nasarawa, mai zafin da ya haura digiri 50, a yankin da mata suka gaji dafa gishiri, kamar Awe da Keana. Akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta Jihar Adamawa. Sai kuma sarkinsu, Wikki, a dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana hango yatsun ƙafarka a kan farin yashi.

Duk wanda ya ce zai ɗauke ka daga Suleja ya kai ka Kerang ko Akiri ya dawo da kai a yini guda, to yinin a cikin mota zai ƙare, ya kuma jefa ka tafiyar dare a lokacin da ba a so. Waɗannan wurare na kwana ne. Yinin Suleja shi ne Mayanka da Zuma da Gurara, kuma ya ishi mai hankali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin motocin da ke kawo baƙi waɗannan wurare daga Abuja suke tasowa, da jagororinsu, da abincinsu, har da ruwan shansu. Su zo, su ɗau hoto, su koma, ɗan Madalla da ɗan Bonu ba su sami ko na cefane ba, sai ledoji da robobin da aka bar musu. Alhali matasanmu sun fi kowa sanin lungunan nan. Abin da ya rage musu shi ne su zauna da dattawa su kwashi tarihi, su tuntuɓi malaman ilimin ƙasa su gane dutse, su koyi agajin gaggawa, su haɗa kai da direbobi da ƴan banga, su tsayar da farashi guda wanda baƙo zai sani tun kafin ya shiga mota.

(Kiɗa a hankali)

La'asar ta yi. A yi salla, a tattara shara a sa a bayan mota, a sallami ɗan jagora da haƙƙinsa cikakke, a kuma leƙa a yi wa mai gari ban kwana kamar yadda aka gaishe shi da zuwa. Kafin ranar tafiya a tambayi halin tsaro daga bakin mutanen wurin, kada a dogara da labarin makon jiya. A bar wa na gida sunan direba da lambar mota, domin akwai kwarin da waya ba ta shiga. A kama hanya yanzu, a wuce mahadar Dikko da sauran haske, tun manyan motoci ba su fara fitowar dare ba.



(Kiɗan rufe shiri)